Laifin Wa Ne, Na Koci Ko Na 'Yan Wasa?

Duk inda ake buga ƙwallo akwai wata gardama da ba ta tsufa. Ranar da ƙungiya ta ci, kowa nata ne. Ranar da aka lallasa ta kuwa, sai a shiga neman wanda za a rataya wa jakar tsaba. Waɗansu su ce mai koyar da 'yan wasa ne bai san aikinsa ba, a sallame shi. Waɗansu su ce a'a, koci ba ya shiga fili, yaran ne ragwaye. Mu ma a nan makaranta mun san wannan magana, gama ana yin ta a ɗakin cin abinci, ana yin ta a ɗakin malamai, har iyaye ma sukan tsoma baki bayan an tashi sujada. Tun a gonar Aidan aka fara wannan hali, inda mutumin ya nuna matarsa, matar kuma ta nuna maciji.

Akwai ƙasar da wannan gardama ta fi zafi, watau Amurka, a kan ƙwallon da jami'o'i da kwalejojinsu suke bugawa. Na zaɓi in kai mai karatu can domin su mutane ne masu ajiye lissafi. Kowane wasa yana rubuce, da sunan koci, da yawan makin da aka ci, har na shekaru ɗari da suka wuce. Saboda haka mutum yana iya dubawa ya ga abin da ya sake sa'ad da aka canza koci, da abin da ya faru sa'ad da 'yan wasa ne suka canza.

Da farko sai mu san irin wasan, domin ba irin namu ba ne. Ƙwallonsu mai tsawo ce kamar ƙwai, kuma da hannu aka fi yin aiki da ita, a ruga da ita ko a jefa. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane gefe, suna sanye da kwalkwali da matashin kafaɗa saboda karo. Tsawon fili yadi 100 ne tsakanin layin gida da layin gida. Ana ba masu riƙe da ƙwallo dama huɗu su ci gaba yadi goma. In sun iya a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya kai ta bayan layin gidan abokan karawa ya sami maki 6, wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya sami 3. Masu kai hari dabam, masu tsaron gida dabam, ana musanya su yadda aka ga dama. Wani ɗan ƙasarmu daga Inugu, Christian Okoye, ya yi suna a wannan wasa, ko da yake jifan faifai ne ya kai shi Amurka, sai da ya shiga kwaleji can ya fara taɓa irin wannan ƙwallo.

Abin lura a nan shi ne, bayan kowace dama wasa yakan tsaya, 'yan wasa su taru, a faɗa musu dabarar da za su yi a gaba. Dabarar nan kuwa daga bakin fili take zuwa, daga wurin koci da mataimakansa, da alamar hannu ko da allo, tun daga 2024 ma an yarda manyan jami'o'i su riƙa yi wa ɗan wasa ɗaya magana ta rediyo a cikin kwalkwalinsa. A ƙwallonmu ta ƙafa, da zarar alƙali ya busa usur, koci sai dai ya yi ta ihu daga gefe har a tafi hutun rabin lokaci. A can kuwa hannunsa yana cikin kowane motsi. Mai cewa koci ba ya shiga fili, a wannan wasa dai maganarsa ba ta da ƙarfi.

Ba a nan ikonsa ya tsaya ba. Shi ne yake zagaya makarantun sakandare, ya zauna da iyaye a falonsu, ya zaɓi yaran da za a ba tallafin karatu, abin da muke kira sikolashif. Shi ne yake ɗaukar mataimaka, mutum goma ko fiye. Shi ne yake cewa wane zai buga, wane zai zauna a benci. Yaran kuwa 'yan shekara goma sha takwas ne zuwa ashirin da 'yan kai, suna da aji da jarrabawa kamar ku, shekara huɗu ko biyar sun wuce. To, idan ƙungiya ta shekara shida tana faɗuwa, yaran da suka fara faɗuwar duk sun gama sun tafi, waɗanda suke fili yanzu shi ne ya kawo su da hannunsa. In ya ce ba su iya ba, sai a tambaye shi wa ya zaɓo su, wa kuma aka ba aikin koya musu. Ana kuwa biyansa lada mai tsoka. A jihohi da yawa na Amurka babu ma'aikacin gwamnati da ya kai kocin babbar jami'ar jihar albashi, har da gwamna. A watan Nuwamba na 2023 Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher, alhali kuwa bisa ga kwantiraginsa sai ta biya shi fiye da dala miliyan 75 domin ya tafi gida ya zauna. Ni dai ina ganin wanda aka damƙa wa wannan iko duka, aka kuma biya shi haka, shi ya kamata a fara tambaya.

Labarin Notre Dame ya nuna wannan sosai. Jami'a ce ta Katolika a jihar Indiyana, wani fada daga Faransa ya kafa ta a 1842, kuma tana cikin waɗanda suka fi suna a wannan wasa. A 1981 ta ɗauko Gerry Faust daga wata makarantar sakandare ta Katolika a birnin Cincinnati, inda ya yi shekaru yana cin kofi. Mutum ne mai ibada, mai son yara, mai ƙaunar jami'ar da zuciya ɗaya, kuma ya iya jawo gwanayen 'yan wasa. Amma bai taɓa koyarwa a jami'a ba. Cikin shekara biyar ya ci wasa 30, aka ci shi 26, aka yi kunnen doki ɗaya, wanda a wurin Notre Dame abin kunya ne. A wasansa na ƙarshe, a 1985, Jami'ar Miami ta ci su 58 da 7.

Sai aka kawo Lou Holtz. Ya sa atisaye da sassafe cikin sanyin hunturu, ya cire sunayen 'yan wasa daga bayan rigunansu domin kowa ya san ƙungiya yake yi wa wasa, ya kuma sake wa waɗansu wurin tsayawa. Akwai wani Frank Stams da ya tarar a cikin masu kai hari, aka mai da shi mai tsaro, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen ƙasar. A shekararsa ta fari, 1986, Holtz ma wasa 5 ya ci, aka ci shi 6. Wanda ya dubi wannan lissafi kaɗai zai ce babu abin da ya sake. Amma biyar daga cikin wasannin da aka ci su, in an haɗa ratarsu duka maki 14 ne kawai. Ƙungiyar da ake yi wa kaca-kaca ta zama wadda ake sha da ƙyar. A 1988 suka buga wasa 12 suka ci duka, suka zama zakarun ƙasa, har da ramuwa a kan Miami 31 da 30. Gaskiya ne Holtz ya kawo nasa sababbin gwanaye a tsakani, amma manyan 'yan ajin ƙarshe na wannan ƙungiya yaran Faust ne. Kirkin Faust ba a taɓa musunsa ba. Sai dai kirki dabam, iya aiki dabam, kuma hukumar da ta ɗauki malamin sakandare ta ɗora masa wannan kaya ita ma tana da nata kason.

Haka kuma a Jami'ar Kansas State. Kafin Bill Snyder ya karɓe ta a kakar 1989 ta yi wasa 27 a jere ba ta ci ko ɗaya ba. A 1998 ya kai ta har ta hau matsayi na ɗaya a ƙasar na ɗan lokaci. Ya yi ritaya bayan 2005, ƙungiya ta ja da baya, aka roƙe shi ya dawo a 2009, a 2012 ta sake zama zakarar rukuninta.

To, ashe 'yan wasa ba su da laifi ke nan? Kada wani ɗan makaranta ya karanta wannan ya tafi yana murna. Akwai abin da babu kocin da zai iya yi wa mutum. Ba zai kama masa ƙwallon da aka jefo ta faɗo cikin hannunsa ba, ba zai haddace masa dabarun da aka ba shi a rubuce ba, ba zai yi masa barci da wuri ba, ba kuwa zai rubuta masa jarrabawa ba. Dokar wasannin jami'o'i ta ce wanda bai cika sharuɗɗan karatu ba, ba zai buga ba, komai gwanintarsa. Tun daga 2021 ma an yarda 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu, daga 2025 jami'o'i suka fara biyansu kai tsaye, sauya makaranta kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Wanda ake biya, yake kuma da ikon tashi duk lokacin da ya so, ba zai ce shi yaro ne kawai da aka aika ba.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na malami, shi ne na makarantar horon hafsoshin soja ta West Point. Ƙungiyarta, wadda ake kira Army, tana cikin mafi ƙarfi a ƙasar a ƙarƙashin koci Earl Blaik. A 1950 ta ci wasa 8, sau ɗaya tak aka ci ta. A 1951 sai asiri ya tonu. A makarantar akan ba ɗalibai jarrabawa iri ɗaya kashi biyu, waɗansu yau waɗansu gobe, domin an amince da su. Ashe waɗanda suka fara rubutawa suna kai wa na baya tambayoyin. Aka sallami ɗalibai wajen 90, a cikinsu 37 'yan ƙwallo ne, har da ɗan kocin na cikinsa, wanda shi ne mai jefa ƙwallo na ƙungiyar. Waɗansu ma ba su yi satar ba, sun dai sani suka yi shiru, dokar makarantar kuwa ta ɗauki wannan a kan laifi. A kakar 1951, koci bai canza ba, fili bai canza ba, dabaru suna nan, amma wasa 2 suka ci, aka ci su 7. An sami masu cewa Blaik ma da alhaki a kansa, domin ya bar 'yan wasansa sun zama kamar wata ƙabila dabam a cikin makaranta, masu ganin kāre juna ya fi bin doka. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Duk da haka ba Blaik ne ya shiga ɗakin jarrabawa ba. Ya zauna ya sake gini da ƙananan yara, a 1953 suka ci wasa 7, aka ci su ɗaya, kunnen doki ɗaya. Ƙungiyar nan a aji aka kashe ta, ba a fili ba, kuma 'ya'yanta ne suka kashe ta.

Yanzu sai mu zo ga labarin da ya sa nake ganin tambayar da ke kan wannan rubutu ba ta cika ba. A jihar Teksas, ba nisa da birnin Houston, akwai Jami'ar Prairie View A&M, wadda aka kafa a 1876 domin baƙar fata, a zamanin da ba a yarda su zauna aji ɗaya da fararen fata ba. Ƙungiyarta ta taɓa zama abin tsoro. A ƙarƙashin koci Billy Nicks ta zama zakarar kwalejojin baƙar fata sau biyar: 1953, 1954, 1958, 1963 da 1964. A lokacin yaro baƙi mai gwaninta a kudancin Amurka ba shi da wurin zuwa sai irin waɗannan makarantu. Da aka kawar da wariyar launin fata, manyan jami'o'i masu kuɗi suka buɗe ƙofa, suka fara kwashe gwanayen. Abin alheri ne ga yaran, amma rijiyar da Prairie View take ɗiba ta fara ƙafewa, ba da laifin koci ko ɗan wasa ba.

Sa'an nan babbar masifa ta zo. Aka gano ɓarna a sha'anin kuɗin sashen wasanni, hukumar jami'a ta dakatar da ƙwallo gaba ɗaya a 1990. A 1991 aka maido da ita, amma ba tare da tallafin karatu ko na ɗan wasa ɗaya ba. A rukunin da take bugawa doka ta yarda kowace makaranta ta ba da tallafi ga 'yan wasa da yawa. Mai karatu ya auna wannan da kyau. Abokan karawa suna zuwa da yaran da aka zaɓo aka biya musu kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana, su kuwa 'yan Prairie View ɗalibai ne da suka zo karatu da kuɗin iyayensu ko da bashi, suka ji ana neman masu buga ƙwallo suka ba da kansu. A 1991 suka buga wasa 11 aka ci su duka. Maki 48 suka samu a shekarar, aka zuba musu 617.

Haka abin ya ci gaba. Daga ƙarshen 1989 har zuwa 1998 aka ci su sau 80 a jere, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin wasannin jami'o'in ƙasar. Koci Ronald Beard ya yi shekara huɗu, wasa 44, bai ga nasara ko sau ɗaya ba. Aka canza shi, wanda ya gaje shi ya yi shekara biyu, shi ma haka. Aka sake kawo wani, Greg Johnson, shekararsa ta fari ba ta bambanta ba. Yara sun shiga jami'a sun gama sun fita ba su taɓa sanin daɗin cin wasa ba, waɗansu sababbi suka zo suka ɗora daga inda aka tsaya. Jaridu suka mai da su abin dariya.

To, a nan wa za a kama? An canza koci ba sau ɗaya ba, 'yan wasa sun juya gaba ɗaya, sakamako bai motsa ba. Idan an sake mai tuƙi, an sake fasinja, mota ta ƙi tashi, sai a leƙa tanki. Abin da bai canza ba a shekarun nan shi ne abin da hukuma ta ba su su yi aiki da shi. Ku da kuke karanta Littafin Fitowa kun san labarin da ke sura ta biyar, yadda Fir'auna ya hana Isra'ilawa ciyawar yin tubali, ya ce adadin tubali kada ya ragu, da suka kasa kuma aka bugi shugabanninsu aka kira su ragwaye. Masu yanke shawara a ofis ba sa sa kwalkwali, ba a kuma rubuta sunansu a allon maki, saboda haka gardamar 'yan kallo ba ta cika isa wurinsu ba. Sallamar koci kuwa ita ce hanya mafi sauƙi ga hukuma, domin jama'a su ga kamar an yi wani abu.

Ni kam ban iya kiran yaran nan ragwaye ba. Wasa ne na karo, ana karya ƙashi a cikinsa. Mutumin da ba a biya masa ko kwabo ba, ya san ranar Asabar za a ci shi da rata mai yawa a gaban jama'a, ya kuma tashi ranar Litinin ya koma atisaye, shekara huɗu yana haka, wannan ba rashin zuciya ke damunsa ba. Ban ce kocin da suka yi aiki a lokacin gwanaye ne ba, wataƙila wani da ya fi su da ya tsinci nasara ɗaya ko biyu a hanya. Amma ko Holtz aka kai can da hannu wofi, ba zai yi abin da ya yi a Notre Dame ba, gama shi ya tarar da rumbu cike ne.

A ƙarshen shekarun 1990 aka fara maido da tallafin karatu kaɗan kaɗan. Ran 26 ga Satumba 1998 Prairie View ta kara da Jami'ar Langston a birnin Oklahoma. Ana dab da tashi Langston ta kai ƙwallo gida, maki ya zama 14 da 12, saura ta gwada dabarar ƙarin maki biyu a yi kunnen doki. Masu tsaron Prairie View suka tare mai ƙwallon a bakin layi. Manyan samari suka zube a fili suna kuka.

Nasara ɗaya ba ta warkar da ƙungiyar ba, ta ƙara shekaru tana fama. A 2004 Henry Frazier ya karɓi aikin koci, a lokacin da jami'ar ta ƙara abin da take kashewa a kan wasanni. Shi ma shekarunsa uku na fari faɗuwa ta fi nasara yawa, amma hukuma ba ta kore shi ba. A 2007 suka ci wasa 7 aka ci su 3, karo na fari tun 1976 da nasararsu ta fi faɗuwarsu yawa. A 2009 suka doke Alabama A&M 30 da 24 suka ɗauki kofin rukuninsu, wanda rabonsu da shi tun 1964, zamanin Billy Nicks.